Sakin Layin da Na Tsallake a Takardar Surukina

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan fili naku ina girgiza kai a kan kuskuren mutane, har wani lokaci in ce ni ba zan taɓa yin irin wannan wauta ba. To yau ga tawa na kawo. Ku sakaya sunana don Allah, ni ma ba zan ambaci na kowa ba.

Shekaru kaɗan bayan an ba mu jihar Zamfara, ni 'yar shekara ashirin da biyu ce, haifaffiyar Tsafe, ina aure a Gusau. Maigidana ɗan Nahuce ne ta wajen Bungudu, fataucin hatsi yake yi, yau yana wannan kasuwa gobe yana waccan. Na koyi buga tafireta a wata makarantar kuɗi, na fito da saurin hannu da nake alfahari da shi fiye da kima. Bakina ma haka yake, ba ya jiran kowa. Da na samu aiki a wani asibitin kuɗi a cikin gari, sai na ɗauka ai an gama, duniya ta san da zamana. Aikin kuwa baƙo ne a lokacin. Likitan asibitin ya yi karatu a waje, ya dawo da ɗabi'ar magana a cikin wata 'yar rikoda maimakon rubutu. In ya gama duba mara lafiya sai ya faɗi abin da ya gani, da abin da ya yi masa, da abin da yake so a yi nan gaba, a kawo mana kaset ɗin mu mayar da shi takarda. Akwai abin sawa a kunne, akwai feda a ƙasa irin ta keken ɗinki, ka taka murya ta tafi, ka saki ta tsaya, ka taka gefe ta yi gaba ko baya. In 'yan uwana suka tambaye ni wane irin aiki nake yi, sai in ce likita ke faɗa mu ke rubutawa, su ce to ai wannan ba wuya.

Mu biyu ne a ɗan ɗakin da ke bayan wurin ba da magani, ni da shugabata, wadda kowa ke kira Hajiya. Saboda ita ma nake wannan rubutu, don ban taɓa ganin ma'aikaciya irinta ba, kuma ba na jin zan sake gani. Dattijuwa ce, ta haura hamsin, gwiwoyinta na damunta, tabarau ɗinta na rataye da zare a wuya, kullum da ɓarin goro a kumatu. Ta yi shekaru tana buga takardun likitoci tun kafin a haife ni. Ba ta da sauri ko kaɗan. Ni in buga takarda uku tana kan ta farko, in riƙa tsokanarta ina cewa Hajiya ko in kawo miki matashi ne. Sai ta dube ni ta saman tabarau ta ce 'yar Tsafe, yi ta gudunki, za ki same ni a nan. Kaset ɗinmu kaɗan ne, ana gogewa a sake magana a kansu, amma Hajiya ba ta taɓa sakin kaset a goge shi ba sai ta sake sauraronsa daga farko har ƙarshe, kwafin kabon a gabanta, yatsanta na bin layi layi. Nata da nawa duka haka take yi. Ni dai ina ganin ɓata lokaci ne kawai.

Abin da ya fi burge ni da ita shi ne yadda ba ta jin kunyar rashin sani. In likita ya faɗi kalmar da ba ta gane ba, ba ta cankar ta. Akwai wani tsohon ƙamus na likitanci da bangonsa ya rabu, akwai littafinta na hannu da ta cika da sunayen cututtuka. Sannan ga abin da ta fi so duka. Ƙanen likitan yana aiki a Kano, inda aka fara samun abin da ake kira intanet, shi ne yake bugo mana shafukan sunayen magunguna, da danginsu, da abin da kowanne ke yi a jiki, ya aiko a mota. Hajiya ba ta taɓa ganin intanet ɗin da idonta ba. Ta taɓa tambayarsa ko wani babban ɗakin karatu ne, kuma wa ke kula da shi. Amma takardun nan ta ɗauke su da daraja. Ta sa zare da allura ta ɗinke su, ta yi musu bango da kwalin magani, ba mai taɓa su da hannun da ya ci tuwo. A cikinsu ta karanta cewa a wasu ƙasashe mata na zaune a gidajensu suna buga maganar likitocin wata ƙasa, su tura ta wayar tarho, kuma da wannan suke ci da iyalinsu. Ta ce mini da ita yarinya ce da ta ga wannan zamani, amma ni zan gan shi. Dariya na yi mata, na ce tarhon da ko Kaduna ba ya kaiwa sai an yi rantsuwa.

Yanzu sai in faɗi yadda nake da surukina, mahaifin maigidana, don duk abin daga nan ya taso. Ku da kuka tashi a ƙasarmu kun san kunyar suruki. Ban taɓa furta sunansa ba. In mara lafiya mai irin sunansa ya zo asibiti, cewa nake mai sunan Baba. In ya zo Gusau ya sauka gidanmu, daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi, ido a ƙasa, ba na cin abinci inda zai gan ni, ko dariya ba na yi da ƙarfi. Shi kuwa mutum ne mai kirki, manomi na gaske, mai barkwanci. Yana kirana Malama mai inji. In aka yi sabon gero ni yake fara aiko wa, wani lokaci har da ƙwan zabi a cikin ƙwarya an shimfiɗa ƙaiƙayi. Mahaifiyata ta sha yi mini faɗa a kan bakina, amma a kan kunyar suruki kam tana yabona, ni ma ina jin daɗin yabon.

Ran nan, gab da kaka, gero ya nuna a gona, sai ga maƙwabtansa sun kawo shi daga Nahuce a bayan a-kori-kura. Kwana biyu fitsari ya ƙi fita. Maigidana yana kasuwar ƙauye, sai aike aka yi masa. Na hango su ta taga suna shigo da shi yana nishi, na ja da baya, ban fita ba. Aka shiga da shi ɗakin likita aka daɗe. A ranar kuma Hajiya ba ta nan, ta tafi Bungudu gaisuwar mutuwa. Can sai likita ya leƙo da kansa ya ajiye mini kaset, ya ce in yi maza, takardar tura mara lafiya ce zuwa wani asibiti a Zariya inda za a yi masa aiki, da zarar ɗansa ya iso bayan azahar za su kama hanya. Bai san surukina ba ne, ni kuma ban faɗa ba.

Na sa abin kunne, na taka feda. Abu na farko da ya fito daga bakin likita sunan Baba ne, cikakke. Na daure na buga shi harafi harafi, kamar ina satar wani abu. Shekarunsa, garinsa, ranar da aka kawo shi, duk na buga. Daga nan likita ya shiga bayanin yadda ya duba shi. Ya fara ambaton wuraren da ɗiya ba ta ji a game da ubanta, balle surukinta, da yadda aka sa masa robar fitsari. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi a fuska. Na fizge abin kunnen na ajiye. Na zauna ina tunanin yadda zan sake durƙusawa gaban bawan Allahn nan bayan na ji wannan. Sai shaiɗan ya kawo mini dabara mai kama da ladabi. Na ce a raina ai likitocin Zariya suna da idanu, za su duba shi da kansu, me ya sa sai ni zan tona asirin dattijo a takarda. Na taka gefen feda, kaset ya yi gaba da gudu, na saki, na saurara kaɗan, na ji har yanzu ana wurin, na sake takawa. Sai da na ji likita yana godiya ga abokin aikinsa na Zariya sannan na ci gaba. A gurbin duk abin da na tsallake na buga jimla ɗaya mai tsabta, cewa mara lafiya yana fama da toshewar fitsari kuma an ba shi taimakon farko.

Na kai wa likita. Yana tsaye a kan wata mai naƙuda, ya karɓa ya sa hannu a jikin bango bai karanta ba, don takardar da ta fito daga ɗakin Hajiya ba a taɓa samun ta da aibu ba. Na liƙe ambulan, maigidana ya iso a gigice na miƙa masa, na gaida Baba daga bakin ƙofa kamar yadda na saba, suka tafi. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina har yau shi ne, ranar na koma gida ina jin na yi abin kirki.

Washegari da safe Hajiya ta dawo, ta yi sallama, ta ajiye jakarta, ta jawo kaset ɗin jiya da kwafinsu kamar kullum. Da ta zo kan na Baba sai ta ɗaga kaset ɗin wajen haske ta dubi yawan zaren da ya naɗu, ta dubi takardar, ta ce wannan magana ta fi wannan takarda tsawo. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da buga abin da ke gabana. Ta sa abin kunne. Ina satar kallonta na ga yatsanta ya tsaya a kan layi ɗaya bai motsa ba, ta daina tauna goron. Can ta kira ni, ba da 'yar Tsafe ba, da sunana na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta cire ɓari ɗaya na abin kunnen ta sa mini, ta riƙe ɗaya, ta mayar da kaset baya. Na so in zame, ta riƙe mini wuyan hannu. Haka na ji duk abin da na guje wa jiya. A tsakiyarsa kuma, bayan zancen robar, likita ya ce ya yi wa mara lafiya allurar fanisilin don kada ciwo ya shiga, cikin 'yan mintoci fuskarsa ta kumbura, numfashinsa ya sarƙe, da ƙyar aka ceto shi. Ya ce shi dattijon ya ɗauka azabar ciwo ce ta sumar da shi, kuma babu ɗan uwansa a ɗakin lokacin, don haka kada a dogara da abin da za su faɗa. Ya roƙi likitan Zariya kada a kuskura a ba shi wannan allura ko danginta. Sau biyu ya maimaita.

Hajiya ta jawo takardun nan nata masu bangon kwali, ta buɗe, ta bi da yatsa har ta tsaya, ta juyo mini da shafin. Ga fanisilin a sama, ga danginta jere a ƙasa, cikinsu har da irin waɗanda ake yawan yi wa mutum kafin a shiga da shi tiyata. Na zauna a ƙasa ina salati. Ba ta daka mini tsawa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Tambaya ɗaya ta yi mini, ban ji ba ne ko ban so in ji ba. Na gaya mata gaskiya, na ce surukina ne. Ta ce ita ma ta yi suruki, ta san abin da na ji, amma kukan ya jira, in tashi in hau kujera. Ta sa mini sabuwar takarda da kabon da hannunta, ta tsaya a kaina na buga maganar likita daga farko har ƙarshe, ba kalmar da na bari, hawaye na ɗiga a kan maɓallan. Ta karanta sau ɗaya ta ce yanzu ta zama takarda.

Da muka shiga wurin likita ya ji abin da ya faru, ya tashi tsaye yana faɗa, ya ce in tattara kayana in bar masa asibiti. Hajiya ta shiga tsakaninmu. Ta ce takardar daga ɗakinta ta fito, don haka da ita za a fara. Sannan cikin ladabi, ba ta ɗaga murya ba, ta tuna masa cewa shi ma ya sa hannu bai karanta ba, kuma duk wannan ana iya yin sa gobe, yau dai akwai rai a Zariya. Likita ya zauna ya karanta sabuwar takardar har ƙasa, ya sa hannu. Aka yi ta juya tarho ana neman Zariya, layi ya ƙi shiga. Sai Hajiya ta ɗauki mayafinta ta ce ita za ta kai da ƙafarta, kuma da ni za ta. Na ce maigidana bai san zan yi tafiya ba. Ta ce ai wurinsa za mu, in ya yi magana ita za ta amsa. Matar da jiya ta dawo daga Bungudu tana ɗingishi ke nan.

A tasha muka tarar da bas saura mutum huɗu ta cika, direba yana can yana shan shayi. Hajiya ta ɗaga ambulan ta gaya wa fasinjoji cewa ran wani dattijo ne a ciki, in an makara sai dai a yi ta'aziyya. Nan take mutane suka taso wa direba, wani Alhaji ya ce ya ji tsoron Allah, har direban ya ajiye kofin ya shiga mota. Da muka iso Tsafe aka tsaya sauke kaya, masu talla suka yanyame tagogi. Ina hango kwanar da ke shiga unguwarmu. Wata maƙwabciyar mahaifiyata ta gan ni ta fara murna tana tambayar ina zuwa haka, na ja mayafi na rufe fuska, don ban san me zan ce a gaya wa Inna ba. Hajiya ta amsa mata gaisuwar, ta sayi dafaffiyar gyaɗa ta tura mini a cinya ta ce in ci, ba ta son yunwa ta kayar da ni ta koma jinyar mutum biyu. Duk tafiyar nan, har muka sake mota a Funtuwa, carbinta kawai take ja, ambulan ɗin na cikin rigarta. Ba ta ƙara ce mini komai a kan laifina ba.

Bayan la'asar muka isa. A barandar ɗakin maza na hango maigidana zaune a ƙasa, hularsa a hannu, tun daga nan na san mun makara. Ya ce da hantsi aka fara shirya Baba don aikin gobe. An tambaye shi ko akwai maganin da ba ya karɓarsa ya ce babu, an duba takarda ba ta ce komai ba, aka yi masa allurai. Kafin a ankara ya fara shure-shure. Ma'aikatan suka taru a kansa, Allah ya sa da sauran kwana. Na leƙa ta ƙofa. Ban gane shi ba. Idanunsa sun rufe don kumburi, leɓɓansa sun yi nauyi, ga robar iska a hanci, ƙirjinsa na ɗagawa da ƙyar. Hajiya ba ta tsaya kallo ba, ta nemi likitan da ke kula da shi ta miƙa masa takardar. Ashe magunguna da dama aka ba shi a tare, sun tsayar da duka, suna ta shawarar wanne ne ya yi wannan ɓarna kuma da wanne za su ci gaba. Ya karanta, ya jawo katin Baba ya ja layi da jan biro, ya ce wannan takarda ta raba musu gardama. Sannan ya tambaya yaya aka yi mara lafiya ɗaya ya zo da takarda biyu. Hajiya ta juyo ta dube ni. A gaban maigidana na faɗi abin da na yi. Bai zage ni ba. Ya dai tambaye ni ko kunyata ta fi ran mahaifinsa nauyi ne, ya sa hularsa ya fita.

Kwana uku muka yi a Zariya a gidan wata 'yar uwar Hajiya. Ta ƙi komawa ta bar ni. A rana ta uku kumburin ya sauka, Baba ya fara magana, ya tambayi ɗansa me ya kawo matarsa da wannan baiwar Allah tun daga Gusau. Maigidana ya sunkuyar da kai. Hajiya ta ce da ni, wannan amsar tawa ce, ba mai ba da ita sai ni. Ta ja labulen gadon, ta tsaya daga waje. Na durƙusa can wajen ƙafafunsa na gaya masa. Ya saurara har na gama. Sai ya ce in ɗauko kwafin takardar in karanta masa da Hausa, duka, har wurin da na tsallake. Na ce Baba ka yi mini rai. Ya ce shi ma ran yake nema. Na fara a hankali, ya ce in matso, kunnensa ba ya ji sosai. Haka na matsa kusa da kan surukina, na fassara masa abin da likita ya gani a jikinsa, da abin da ya toshe, da aikin da za a yi masa, da allurar da ta kusa kashe shi sau biyu. Ban san inda na samu bakin ba.

Da na gama ya gyara kwanciyarsa. Sannan ya ce tun da ciwon nan ya kama shi ba wanda ya gaya masa abin da ke damunsa. Ɗansa in ya tambaye shi sai ya dubi ƙasa, likitoci kuma Turanci suke yi a kansa, sai yau ya san ciwonsa. Ya ce ya gode wa iyayena da tarbiyyar da suka ba ni, kuma in ya zo gidana in ci gaba da gaishe shi daga bakin ƙofa, yana so. Amma a ɗakin da nake aiki shi ba surukina ba ne, mara lafiya ne kamar kowa, kuma mara lafiya ba rufin asiri yake nema a wurin mai rubuta takardarsa ba. Daga nan ya ce in koya masa sunan allurar. Ya maimaita sau uku yana karya ta, har Hajiya ta yi dariya daga bayan labule, ta ce a bari in mun koma za a buga masa a 'yar takarda ya riƙa yawo da ita. Ya kira ɗansa ya ce maganar ta mutu a nan, kada ya ji an tayar da ita a gida.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya koma daidai ba. An ɗaga aikin makonni saboda jikinsa ya yi rauni. Ya koma Nahuce da roba a jiki, yana zaune a zaure wasu suka girbe masa geronsa, mutumin da bai taɓa zama lokacin kaka ba. An yi aikin daga baya an yi nasara, amma bai sake riƙe fartanya yadda ya saba ba. Shi bai taɓa ɗora mini ba, ni kuwa na san inda ƙarfin nan ya tafi. Maigidana ya bi umarnin mahaifinsa, amma sai da aka yi watanni kafin ya sake yi mini dariya ta gaske.

A asibiti kuwa, Hajiya ce ta hana a kore ni. Ta ce wa likita gara wadda ta ga abin da layi ɗaya ke jawowa da sabuwar da ba ta gani ba. Tun daga ranar duk kaset ɗin da ya shafi ciwon maza, ko haihuwa, ko abin da ake jin nauyin faɗa, ni take tura wa, ba ta ce don me ba, ni ma ban tambaya ba. Har ta bar aiki ba ta sake ambaton Zariya ba, ko da wasa. Ranar da za ta tafi ta miƙa mini takardunta masu bangon kwali ta ce in ƙara a kai. Allah ya yi mata rasuwa tun kafin ta ga zamanin da ta faɗa mini. Ga shi na gan shi. Yau yaran da nake koya wa aikin nan suna taɓa waya su ga sunan kowane magani da danginsa kafin in buɗe shafi ɗaya, wasunsu ma daga ɗakunansu suke buga wa asibitocin da ba su taɓa takawa ba. Ina taya su murna, sana'a ce mai kyau, kuma ina cewa su yi ta bincike, kada su canki kalma. Allah ya jiƙan Hajiya, da ta ga wannan da ba mai raba ta da waya.

Amma ga gargaɗina gare ku, 'yan uwana mata musamman, da duk mai aikin da maganar wani ke bi ta hannunsa. Ni ba rashin sani ya kayar da ni ba, ƙamus na gabana, takardun intanet na gabana. Abin da aka yabe ni a kansa tun ina yarinya shi na ɗauko na shiga da shi inda ba wurinsa ba. In takardar wanda kike jin nauyinsa ta zo hannunki kuma kin san ba za ki iya ba, ki buɗe baki ki ce a ba wani. In babu wani, ki daure ki ji duka ki rubuta duka, ki yi kunyarki daga baya. Ba ki san a wane layi aka ajiye ransa ba.

Baba ya rayu shekaru bayan haka, ya ga jikokinsa, tsufa ne ya ɗauke shi. Bayan an yi addu'ar uku ana tattara kayansa, maigidana ya shigo ɗaki ya miƙo mini tsohuwar hular Baba. A cikin naɗin hular na sami 'yar takardar da na buga masa da muka dawo daga Zariya, gumi ya rine ta, gefenta ya cinye, amma sunan allurar na nan ana karantawa. Tana cikin takardun Hajiya yanzu, a shafin fanisilin. Har gobe ba na sakin takarda sai na sake sauraron maganar daga farko, yatsana a kan layi.